Jinjina ga Mai Jitar Bas

Bahaushen da ya zauna Anacha ya san kiɗan hailaif ko bai taɓa taka rawa ba, don a da daga shagunan kaset yake kwararowa. A garin ne Prince Nico Mbarga da ƙungiyarsa Rocafil Jazz suka fitar da "Sweet Mother" a 1976.

A irin wannan kiɗa, mawaƙi ake wa liƙi, amma mai bas ke riƙe da kiɗan. Tsirkiya huɗu masu kauri, yatsu duk kanta. Yana can baya, kunnensa na kan ƙafar mai ganga, sautinsa a ƙirji ake jin sa. An watse, shi zai naɗe wayoyi, ya kinkimi ƙatuwar lasifika, ladansa kuwa sai abin da shugaban ƙungiya ya yanka masa.