Sunan Inanna: ma'ana daban, asali daban

Galibin littattafan da suka taɓo addinin Mesofotamiya suna fassara sunan Inanna, abar bautar birnin Uruk, da "uwargijiyar sama". Ana feɗe kalmar kamar haka a Sumeriyanci: nin "uwargijiya", an "sama", sai ɗafa-ƙeyar mallaka -ak, wadda k ɗinta ke shafewa in babu wasali a bayanta. Fassarar na da madogara. A emesal, karin harshen da ake sa wa alloli mata a baki cikin waƙoƙin ibada, ana kiran ta Gashan-anna, kuma gashan shi ne takwaran nin. Ke nan marubutan wancan zamani su ma haka suka fahimci sunan.

Sai dai a ganinmu wannan hujja ta nuna yadda aka ji sunan ne, ba ta nuna inda ya fito ba. Mai magana da harshe yakan ba tsohuwar kalma ma'anar da ta yi masa daɗin ji. Abu biyu ke sa mu dakata. Na farko, sai an bayyana faɗuwar n ta farkon nin. Na biyu kuma, wanda ya fi nauyi, alamar da ake rubuta sunan da ita tun a allunan Uruk, wajen shekara 3100 kafin haihuwar Annabi Isa, ba haɗin alamar nin da ta an ba ce. Hoton damin kara ne mai lanƙwasasshen kai, wanda bai gaya mana komi ba game da furuci.

Thorkild Jacobsen, a littafinsa na 1976, ya karanta sunan da "uwargijiyar nonnan dabino", ya mai da ita mai tsaron rumbu. Karatun na da armashi, amma muna jin ra'ayinsa kan tattalin arzikin Uruk ne ya ja ragamar nazarin, ba ƙirar kalmar ba. Waɗanda kuma suka jingina sunan ga wani harshe da ya riga Sumeriyanci, sun ɗora shi ne bisa harshen da ba a da ko jimla guda tasa. Gonzalo Rubio ya warware yawancin hujjojinsu a 1999.

Sunanta na Akadiyanci, Ishtar, ya fi ba mu wurin taka ƙafa, domin akwai dangin harsuna da za a gwama. A Ugarit da kudancin Arabiya, Athtar namiji ne, ta macen a Ugarit kuwa Athtart. Wannan t ta ƙarshe ita ce lambar jinsin mace, wadda Bahaushe ya sani cikin "ta" da "tata", tun da Hausa da Akadiyanci zuriya guda ne. Ishtar ba ta da ita: mace ce mai ɗauke da suna a sigar namiji. Sumeriyanci kuwa ba a san masa dangi ba, saboda haka kamar da ke tsakanin Inanna da "inna" tamu kamar sauti ce kawai, irin wadda ake samu a kalmomin da jarirai ke fara furtawa.