Tsawaita Zaren Labari a Wasan Talabijin: Nazarin Babylon 5

A da, al'adar wasannin ƙagaggen labarin kimiyya a talabijin ɗin Amurka ita ce kowane kashi ya tsaya da ƙafarsa. A ƙulla rigima a farkon sa'a, a warware ta kafin a tashi, mako mai zuwa taurari su dawo tamkar ba abin da ya same su. Masu tashoshi sun fi son haka, domin suna iya maimaita kowane kashi ba tare da bin jeri ba. Wannan maƙala za ta dubi wasan da ya saɓa wa wannan al'ada da gangan, watau Babylon 5, wanda aka nuna daga 1994 zuwa 1998 cikin zango biyar da kashi 110. Mai ƙaga shi, J. Michael Straczynski, shi ya rubuta 92 daga ciki.

Yabon da masoya wasan suka fi yi masa shi ne wai an tsara shi tun daga farko har ƙarshe kafin a ɗauki hoto ko ɗaya. Akwai gaskiya a maganar, amma in aka tsaya a nan an rage wa wasan daraja. Tsari kaɗai ba ya sa mutum ya yi shekara biyar yana bin labari.

A duba Londo Mollari, jakadan Centauri, da G'Kar, jakadan Narn, waɗanda al'ummominsu ke da tsohuwar gaba, domin Centauri sun taɓa mulkin mallaka a kan Narn. Tun a kashin farko na zangon farko Londo ya bayyana cewa ya yi mafarkin ajalinsa: bayan shekara ashirin shi da G'Kar za su shaƙe juna har lahira. Marubucin ya ba da ƙarshen labari ke nan tun ba a je ko'ina ba. A lokacin Londo mashayi ne, ɗan caca, abin dariya, G'Kar kuwa shi ne mai neman fitina, don haka mai kallo ya ɗauki mafarkin a matsayin ƙarshen ƙiyayya kurum. Sannu a hankali sai al'amura suka juya. Kwaɗayin dawo da martabar ƙasarsa ya kai Londo ga ƙulla alaƙa da miyagun halittun da ake kira Inuwoyi, har a zango na biyu aka gan shi tsaye bakin tagar jirgi, bai ce uffan ba, ana ruwan duwatsu a kan duniyar Narn. G'Kar kuma, da ya rasa ƙasa da muƙami, ya zama mai haƙuri da hangen nesa.

Da aka nuna cikar mafarkin a "War Without End" cikin 1996, surar ba ta sauya ba ko kaɗan, ma'anarta ce ta sauya. Londo ya zama sarki, amma wata halitta na manne a jikinsa tana sarrafa shi, ba ya samun kansa sai ya bugar da ita da giya. Shi da bakinsa ya roƙi G'Kar ya kashe shi don ya ceci jama'arsa. Abin da aka zata kisan gaba ne ashe taimakon amini ne. Kashi guda ba zai iya wannan aiki ba, domin nauyinsa ya dogara ne ga abin da mai kallo ya riƙe a zuciyarsa shekara biyu. A nan ne son da masoya ke yi wa doguwar saƙa ya sami hujja.

Har wa yau, ba daidai ba ne a ce tsarin bai taɓa karyewa ba. Michael O'Hare, wanda ya fito a matsayin Sinclair, babban tauraro, ya bar wasan bayan zangon farko, sai a 2013, bayan rasuwarsa, Straczynski ya bayyana cewa rashin lafiyar ƙwaƙwalwa ce dalili. An kawo Bruce Boxleitner a matsayin Sheridan, aka kuma sama wa Sinclair makoma mai kyau: ya koma shekara dubu baya ya zama Valen, jagoran da Minbari ke girmamawa. Wannan ɗinki ya ɓace cikin riga.

Wanda bai ɓace ba shi ne na ƙarshe. Da aka ji tsoron ba za a sami zango na biyar ba, sai aka cusa ƙarshen yaƙin basasar mutanen Duniya cikin na huɗu, aka ma ɗauki kashin rufewa, "Sleeping in Light", aka ajiye. Da tashar TNT ta karɓi wasan, an riga an ci naman, saura romo. Rabin farko na zangon 1998 ya tafi kan rikicin masu karanta zukata ƙarƙashin Byron, labarin da ko masoyan wasan ba su cika kare shi ba. Zangon bai farfaɗo ba sai da aka koma kan Londo, aka nuna ranar da ya miƙa wuyansa ga halittar nan ya hau gadon sarauta, mai kallo kuwa ya riga ya san inda hanyar za ta kai shi.