Littafin da Ɗan Sanda Ya Tara wa Masu Goge

Duk mai son kiɗan goge, ko bai taɓa taka ƙasar Ailan ba, ya nemi littafin O'Neill's Music of Ireland. Kai, wannan littafi ya gama da ni! An buga shi a birnin Shikago na Amurka a 1903, ɗauke da kaɗe-kaɗe 1,850.

Wanda ya tara su kuwa ɗan sanda ne. An haifi Francis O'Neill a 1848 kusa da Bantry, a yankin Cork, lokacin da babbar yunwa ke korar mutanen Ailan zuwa ƙetare. Yana ɗan shekara 16 ya shiga aikin jirgin ruwa, daga baya ya yada zango a Shikago, har ya zama shugaban 'yan sandanta daga 1901 zuwa 1905. Garin cike yake da 'yan ƙasarsu, kowa da kiɗan ƙauyensu a kai. Shi Francis mai busa sarewa ne, kunnensa ba ya sakin abin da ya kama. In ya ji sabon sauti, sai ya kai wa Sajan James O'Neill, mai goge daga yankin Down, wanda suna kawai ya haɗa su. Francis ya busa, James ya rubuta. In kuma Francis ya ji labarin gwanin makaɗi, yakan nema masa aiki don kada ya bar gari. Allah sarki, wannan ita ce ƙauna!

Ba Francis ne ya fara tara kiɗan Ailan ba. Tun 1792 Edward Bunting ya rubuta abin da tsofaffin masu kaɗa garayar Ailan suka kaɗa a taron Belfast. Amma Francis ya rungumi kiɗan rawar talakawa, na biki da na ɗakin girki, ya ba shi martabarsa. Littafinsa na 1907 mai kaɗe-kaɗen rawa 1,001, makaɗa "Littafin" kawai suke ce masa.

Ni dai inda zuciyata take shi ne sashen farko na littafin 1903, na sautuka masu tafiya a hankali. Yawancinsu waƙoƙi ne da aka riƙa rerawa da baki kafin goge ya ɗauke su, shi ya sa za ka ji tsirkiya tana numfashi a inda mawaƙi zai numfasa. Begen gida ne zalla, na mutanen da suka san ba za su koma ba. Idan gwani ya ja su, tsigar jikinka sai ta tashi.

Masana sun gano kurakuran rubutu a wasu shafuka, kuma takarda ba ta iya ɗaukar duk adon da yatsu ke yi. Wannan bai rage mini komai ba. Ka buɗe littafin, ka kunna faifan Michael Coleman, gwanin goge ɗan Sligo wanda ya yi ta naɗar kiɗa a New York tun daga shekarun 1920, ka ji yadda ake ƙawata irin kiɗan da Sajan James ya zauna ya rubuta.