A Gwada Kwamfaila, Amma A Karanta Amsarta

Tun da asirin ƙofar bayan da aka dasa a manhajar xz ya tonu a watan Maris na 2024, wasu masu rubuta manhaja suka fara cewa a rabu da dogon gwajin da shirin configure ke yi kafin a gina laburare. Wai a duba lambar sigar kwamfaila kawai, in ta kai kaza a wuce. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan.

Lamba ba abin dogaro ba ce. Tambayi kwamfailar Clang a kan Linux, za ta ce maka ita GCC 4.2.1 ce, wadda ta fito tun 2007, alhali ta iya abubuwan da waccan ba ta san da su ba. Laburaren da ya gaskata ta sai ya hana kansa abin da ke aiki lafiya lau. Hanyar Autoconf, mai samar da configure, wanda David MacKenzie ya fara a 1991, ita ce daidai: a rubuta ɗan gajeren shiri, a miƙa wa kwamfaila, in ta haɗa shi to ta iya. Gani ya kori ji. CMake da Meson ma a kan haka suke.

Inda gizo ke saƙar shi ne, gwajin ba ya bambanta "ban iya ba" da "rubutunka ne ya lalace". Duka biyun "no" za ka gani a ƙarshen layi, cikin ɗaruruwan layukan da ke wucewa a guje a kan allo. A xz, wani mai amfani da sunan Jia Tan ya saka ɗigo ɗaya tak a cikin shirin da CMake ke gwada katangar tsaro ta Landlock da shi. Saboda ɗigon nan shirin ya ƙi haɗuwa a kowace na'ura, aka ɗauka babu Landlock, katangar tsaron ta faɗi, ginin kuma ya kammala ba ko gargaɗi. Wannan ya fi komai tayar mini da hankali.

Ko ba mugun nufi ma hakan na faruwa. Da Clang 16 a 2023, sannan GCC 14 a 2024, suka daina yafe kiran aikin da ba a gabatar da shi ba, tsofaffin gwaje-gwaje suka koma "no" a ɓoye. Mutanen Fedora da Gentoo sun sha aiki kafin su zaƙulo su.

Don haka masu kula da laburare, duk abin da ya shafi tsaro, in gwajinsa ya faɗi, ginin ya tsaya cak har sai mutum ya ce da bakinsa ya yarda. Ku ajiye na'ura guda da kuka san amsoshinta, ku riƙa kwatanta sakamakon yau da na jiya. Kai kuma mai ginawa, in ka ga "no" a inda ba ka zata ba, buɗe config.log ka ga dalili kafin ka ci gaba.