Bayan Roka Ta Tashi: Hukumar Sararin Samaniya da Haƙƙin Jama'a na Samun Bayani

A 'yan shekarun nan wata al'ada ta kafu a tsakanin hukumomin binciken sararin samaniya na ƙasashen duniya, wato mayar da ranar harba tauraron ɗan'adam ta zama babban dandalin da hukuma ke ganawa da jama'arta, inda ake nuna tashin roka kai tsaye a talabijin da intanet, a tara 'yan makaranta suna ƙirga daƙiƙoƙin ƙarshe, shugaban ƙasa ya yi jawabi, sannan kowa ya watse. Al'adar ta samo ƙarfinta daga hukumar NASA ta Amurka, wadda dokar da ta kafa ta a 1958 ta ɗora mata nauyin yaɗa labarin ayyukanta iyakar iyawa, kuma ta yi armashi ƙwarai a Indiya ranar 23 ga Agusta 2023, lokacin da miliyoyin mutane suka kalli saukar kumbon Chandrayaan-3 a kan wata, har gwamnati ta keɓe ranar don tunawa da ita kowace shekara. Murna irin wannan tana da gurbinta, sai dai ga ƙasar da taurarinta na hidima ne, wato na ɗaukar hoton ƙasa da na sadarwa, wayar da kan da aka jingina da ranar harbawa yana koya wa mutane su auna tauraro da tashinsa, alhali amfaninsa ko rashin amfaninsa yana bayyana ne a shekarun da ke biye. Lamarin ya yi kama da na dangin da suka ƙarar da ƙarfinsu a kan biki, suka manta cewa zaman auren ne abin dubawa.

Tarihin Nijeriya a wannan fage ya isa misali. An kafa Hukumar Bincike da Raya Harkokin Sararin Samaniya ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NASRDA, a 1999, kuma a watan Satumba na 2003 aka harba tauraronta na farko, NigeriaSat-1, daga sansanin Plesetsk na arewacin Rasha, bisa rokar Rasha, bayan wani kamfani na Surrey a Ingila ya ƙera shi tare da injiniyoyin Nijeriya da aka tura koyon aiki. A ranar 17 ga Agusta 2011 aka sake harba wasu biyu, NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X, su ma daga Rasha, NigeriaSat-X kuwa injiniyoyin Nijeriya ne suka harhaɗa shi da hannunsu a ƙarƙashin kulawar kamfanin. Wanda ya lura zai ga cewa harbawar ita ce ɓangaren da hannun Nijeriya ya fi ƙaranci a cikinsa, tun da roka da sansani duk na wasu ne, yayin da abin da ya zama na ƙasar da gaske shi ne mutanen da suka ƙware, da tashar ƙasa da ke Abuja inda ake ba tauraron umarni ana karɓar hotunansa, da kuma hotunan kansu. Waɗannan ukun ne ya kamata su zama jigon bayanin da ake yi wa jama'a, amma su ne ba su da wata rana ta musamman da kyamarorin 'yan jarida za su taru a kansu.

NigeriaSat-1 ya riƙa kewaya duniya a nisan da bai kai kilomita 700 ba, kuma kowane ɗigo a cikin hotonsa yana wakiltar fili mai faɗin mita 32, wanda ke nufin yana iya nuna gonaki da dazuzzuka da yaɗuwar ruwa a faffaɗan yanki, amma ba zai rarrabe gida ɗaya daga maƙwabcinsa ba. Ya kasance cikin ayarin taurarin wasu ƙasashe da aka haɗa don sa ido kan bala'o'i, har hotunansa suka taimaka a lokacin guguwar Katrina da ta afka wa kudancin Amurka a 2005, ya kuma zarce shekaru biyar da aka ƙiyasta masa yana aiki. Wannan labari ne mai kyau, kuma mutane kaɗan ne suka san shi.

Labarin da ya fi zama a zukata shi ne na NigComSat-1, tauraron sadarwa da wani kamfanin ƙasar Sin ya ƙera, aka harba daga Xichang a watan Mayu na 2007 zuwa wani falaki mai nisan kusan kilomita 36,000 daga doron ƙasa, inda gudun tauraro ke daidaita da juyawar duniya ta yadda mai kallo daga ƙasa zai ga kamar a tsaye yake wuri guda. A watan Nuwamba na 2008, bayan kimanin watanni 18, farantan da ke tattara masa hasken rana suka samu matsala, wutarsa ta ƙare, ya daina aiki, kuma maganar da ta bazu a bakin mutane ita ce tauraron ya ɓace. An maye gurbinsa da NigComSat-1R a watan Disamba na 2011, wanda kamfanin gwamnati na NIGCOMSAT ke gudanarwa, amma tabon bai goge ba, domin jama'ar da aka nuna wa harbawa a matsayin cikar nasara ba a taɓa shirya ta ga sanin cewa taurari na lalacewa a hannun kowace ƙasa ba, kuma saboda haka ne ma ake yi musu inshora. Indiya ta fuskanci irin wannan rana a watan Satumba na 2019, lokacin da na'urar sauka ta Chandrayaan-2 ta yanke sadarwa gab da isa doron wata jama'a na kallo, sai dai daga baya an yi bayanin abin da ya faru, aka gyara, aka koma bayan shekaru huɗu. Hukumar da ta saba faɗin haɗarin aikinta tun kafin ya auku tana da abin dogaro a ranar da ya auku.

Inda giɓin bayani ya fi ciwo shi ne batun tsaro. Tun daga sace 'yan matan Chibok a watan Afrilu na 2014 zuwa ta'asar 'yan bindiga a Zamfara da Katsina da Sakkwato da Kaduna, tambaya guda ake maimaitawa a majalisu da shirye-shiryen rediyo, wato ina amfanin tauraron da aka kashe wa kuɗi idan ba zai nuna inda aka ɓoye mutane a daji ba. Tambaya ce ta gaskiya daga mutanen da aka raba da 'yan uwansu, kuma ta cancanci amsa cikakkiya. Tauraron ɗaukar hoto irin NigeriaSat-2 ba ya tsayawa a kan wuri guda yana kallo, yana wucewa ne da gudun kilomita bakwai da ɗoriya a daƙiƙa ɗaya, ya ɗauki hoto tsayayye na yankin da aka umarce shi, sannan sai bayan kwanaki ya sake biyowa ta wurin. Mafi kyawun hotonsa yana rarrabe abu mai faɗin mita biyu da rabi, wanda zai iya nuna gini ko babbar mota, amma ba zai nuna mutum ɗaya ba, balle fuskarsa. Kyamararsa da hasken rana take aiki, don haka gajimaren damina da ƙurar hunturu da inuwar manyan itatuwa duk suna rufe mata gani, kuma sai tauraro mai amfani da rada, wato na'urar da ke aika igiyar lantarki ta karɓi amsawarta, shi ke iya ratsa gajimare da duhun dare. Abin da hoton zai iya yi shi ne nuna canji idan aka kwatanta na yau da na watan jiya, kamar sabuwar hanya a tsakiyar daji, ko ƙauyen da aka ƙona, ko gonakin da aka daina nomawa. Da an daɗe ana faɗin wannan cikin harshen da mutane ke ji, da tambayar ta koma kan wanda ya dace, wato ko jami'an da ke da alhaki suna neman hotunan suna kuma aiki da su.

Akwai wata hanya ta daban ta wayar da kai, kuma ita ma daga Indiya ta fito, tun kafin zamanin kallon kai tsaye. Daga watan Agusta na 1975 zuwa Yuli na 1976 hukumar sararin samaniyar Indiya, ISRO, ta ari tauraron ATS-6 daga Amurka, ta kafa akwatunan talabijin na jama'a a ƙauyuka kusan 2,400 a jihohi shida, ta riƙa watsa shirye-shiryen noma da lafiya da karatun yara cikin harsunan mutanen wuraren. Ƙauyawan ba su ga tashin roka ba, tauraron ma ba na ƙasarsu ba ne, amma sun san abin da yake yi musu kowace yamma. Har yau masunta a gaɓar tekun Indiya suna karɓar saƙonni cikin harsunansu game da wuraren da ake sa ran tarin kifi, bisa bayanin ɗumin ruwa da launinsa da taurari ke aikowa.

Ƙasar Hausa da maƙwabtanta suna da tambayoyin da wannan fasaha ke amsawa kai tsaye. Hotunan taurari ne suka nuna yadda Tafkin Chadi ya janye ƙwarai a farin shekarun 1970 da 1980, da yadda yake ƙaruwa yana raguwa tun daga lokacin gwargwadon damina. Su ne ke iya zana iyakar ambaliya irin ta 2012 da 2022 a kwarin Binuwai da Neja, da wadda ke addabar yankin Haɗeja, su nuna unguwannin da bai kamata a sake gini a cikinsu ba. A Yamai akwai cibiyar AGRHYMET, wadda aka kafa a 1974 bayan babban fari, tana amfani da bayanan taurari wajen bin yanayin damina da ciyawar kiwo a ƙasashen Sahel, ita kuwa NASRDA tana da cibiyar nazarin hotunan ƙasa a Jos da ta binciken ma'aunin ƙasa da motsinta a Toro ta jihar Bauchi. Tun da Amurka ta saki hotunan taurarinta na Landsat kyauta a 2008, Turai kuma ta bi sahu da na Sentinel, darajar hukumar ƙasa ta ƙara komawa ga iya fassara hoto zuwa shawarar da manomi ko makiyayi ko hakimi zai yi aiki da ita, kuma a arewa hanyar isar wannan shawara ita ce rediyo da saƙon murya a waya, cikin Hausa da Fulatanci da Kanuri.

Masu kare bikin harbawa suna cewa shi ne ke sa wa yara sha'awar kimiyya, kuma suna da hujja, kamar yadda Makon Sararin Samaniya na Duniya da ake yi daga 4 zuwa 10 ga Oktoba yake da nasa amfani. Amma sha'awar da ta fi ɗorewa ita ce wadda aka ba wa aikin yi, irin ta 2017, lokacin da aka kai ƙananan taurari masu nauyin kimanin kilo ɗaya, NigeriaEduSat-1 na jami'ar fasaha ta Akure da GhanaSat-1 na wata jami'a a Koforiduwa, zuwa tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, bayan matasan ƙasashen biyu sun ƙera su a wata jami'ar Japan. Ɗalibin sakandare a Gusau ko Maraɗi da aka ba shi hoton garinsu na shekaru ashirin da suka wuce da na bana, aka ce ya gano inda fadama ta ƙafe da inda gari ya cinye gonaki, ya koyi abin da kallon tashin roka ba zai koya masa ba.

An ƙera NigeriaSat-2 don ya yi shekaru bakwai, NigComSat-1R kuma shekaru goma sha biyar, wanda ke nufin maganar sababbin taurari da sabon kasafi ba ta da makawa. Kafin a nemi jama'a su sake taruwa gaban talabijin, ya wajaba NASRDA da NIGCOMSAT su fitar da bayani a fili, cikin manyan harsunan ƙasa, kan abin da aka kashe wa tsofaffin taurarin, da ma'aikatu da jihohin da suka yi amfani da su, da waɗanda har yanzu suke aiki, kuma ya kamata 'yan jaridar gidajen rediyon Hausa su riƙa yin waɗannan tambayoyi a duk lokacin da wani jami'i ya zauna a gabansu.