Sharhi a kan rubuta sunayen sinadarai yadda kunne ya ji

Tun daga taron Bamako na 1966, ƙa'idar da masu aikin yaƙi da jahilci suka riƙe game da kalmar aro ita ce a rubuta ta yadda Bahaushe yake furta ta. Da ita aka samu lakwal, isansi da gazwal, kuma ba wanda ya yi ƙorafi. Yanzu da dokar ƙasa ta 2025 ta ɗaukaka Hausa a Nijar, ta bar faransanci da ingilishi a matsayin harsunan aiki, ana jin masu neman a bi wannan hanya wajen sunayen sinadaran da ke ɗauke da karbon, waɗanda ake koyarwa a lise. A nan ƙa'idar ba ta isa ba.

Dalili shi ne, waɗannan sunaye ba a baki suka tsira ba, ƙera su aka yi. Saiwar kalma tana faɗin yawan ƙwayoyin karbon: met- ɗaya, et- biyu, prop- uku, but- huɗu. Wasalin ɗafa-ƙeya kuma yana faɗin irin ɗaurin da ke tsakaninsu: a in ɗaurin guda ne, e in biyu ne, i in uku ne. Bajamushe Hofmann ya kawo wannan jeri na wasula a 1866, taron Janeba na 1892 ya kafa tsarin, ƙungiyar IUPAC ta gaje shi. Ke nan wasali ɗaya ne ya raba C2H6 da C2H4 da C2H2.

To, wane kunne za a bi? Malamin Maradi da ya yi karatu da faransanci zai rubuta etan, eten, etin. Takwaransa na Katsina, wanda ya ji su da ingilishi, zai rubuta eten, etin, etayin, domin haka wasulan suke fita a wancan harshe. Sakamakon haka, etin a Katsina ita ce C2H4, iskar da ƴaƴan itace ke fitarwa in za su nuna. Etin a Maradi kuwa ita ce C2H2, wadda masu walda ke hura wuta da ita. Rubutu ɗaya, harshe ɗaya, abu biyu, alhali littattafai suna ƙetare iyakar nan kullum.

Ko an ajiye batun ingilishi, akwai wata matsala a cikin Hausar kanta, wadda masu wannan ra'ayi ba su kula da ita ba. A rufaffiyar gaɓa, wato mai ƙarewa da baƙi, wasali yana gajarcewa, e da o kuma su karkata zuwa a. Ana rubuta karen Audu, amma abin da ke fita a bakin mutane da yawa ya fi kusa da karan. Ashe ɗalibin da aka ba etan da eten zai iya karanta su da murya ɗaya. Haka kuma -ol da -al: etanol shi ne abin da ke cikin giya, etanal wani abu ne dabam, metanal shi ne tushen ruwan da ake adana gawa da shi, metanol kuwa barasa ce mai makantarwa. Duka ɗalibin lise yana haɗuwa da su, kuma ana tambayarsa su a jarrabawa.

Abin da ya fi dacewa shi ne a bi harafin tsarin duniya, sannan a ƙara wasali a ƙarshe don gaɓar ta buɗe: etani, eteni, etini, etanoli, etanali. A tsakiyar kalma, e da o na buɗaɗɗiyar gaɓa dogaye ne a Hausa, don haka bambancin zai tsaya ko da rubutun yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali. Ƙarin wasalin ba baƙon abu ba ne, da shi harshen ya karɓi littafi da alƙalami daga larabci. Wajen haɗa ɗafi ma ba a fasa kome ba: i ɗin etani yana faɗuwa a etanoli, kamar yadda e na ƙarshe ke faɗuwa a faransanci. Lambar gurbi ta zauna inda shawarwarin IUPAC na 1993 suka sa ta, dab da ɗafin da take bayyanawa: but-2-eni.

Saura p. Abajadin Hausa ba shi da wannan harafi, kuma kalmar aro takan mai da shi f. Amma a karin yamma, kamar na Tawa, f kafin e yana fita a matsayin h, sai fentani mai karbon 5 ta koma hentani, ta matso kusa da heptani mai 7. Wanda ya koya da faransanci kuma ba ya furta h ɗin heptani ko kaɗan. Barin p a cikin waɗannan saiwoyi zai ɓata wa masu tsaron ƙa'idar rubutu rai, amma ɗalibin da ya kai lise ya riga ya san harafin, kuma zai gan shi a jikin allo a alamar P ta fosfor ko da kwamitin kalmomi bai yarda da shi ba.