Gumel da Littattafan Tarihin Ƙasa Ɗaya

Littafin tarihin ƙasa ɗaya abu ne mai amfani ƙwarai, amma yana da aibi guda, watau marubucinsa yakan zauna a fada ya auna maƙwabta da mudun sarkinsa. Kano ta Dabo Cigari, wanda Alhaji Abubakar Dokaji ya wallafa a 1958, ya isa abin koyi a wannan fanni. Sai dai mudun Kano ba ya auna Gumel daidai.

Gowers ya sa Gumel cikin littafinsa na Lardin Kano a 1921, domin can Turawa suka haɗa ta bayan 1903. Mai karatu sai ya zaci ƙanwar Kano ce. Alhali kuwa sarakunanta Mangawa ne, Barno suka bi, ba su karɓi tutar Shehu Usmanu ba. Tsohon mazauninsu, Tumbi, yana cikin Nijar yau. Damagaram ce ta fi matsa musu da yaƙi, saboda haka wanda bai duba littafin André Salifou na 1971 a kan Damagaram ba, lalle rabin labari ya ji.

Sa'an nan jerin sunayen sarakuna ba ya bayyana yadda Hausa ta maye gurbin harshen Mangawa a fada, ko abin da ya jawo fatake da shanu kasuwar Maigatari. Wannan yana bakin tsofaffi. Ya kamata malamai su aiki ɗalibansu Gagarawa da Sule Tankarkar su rubuto shi, tun masu faɗa suna da rai.